Idona na zubar da hawaye, amma an ce wai ya bushe

Tambaya:

Assalamu alaikum Hajiya. Ni mace ce mai shekara 46, ina zaune a Mabera cikin garin Sakkwato. Sana'ata ɗinki, da rana ina kan keke, da dare in yi ɗinkin hula. Tun hunturun bara idanuna ke yi mini zafi da ƙaiƙayi, in ji kamar an watsa mini yashi a ciki. Da marece gani ya riƙa dushewa, sai na ƙifta ya washe. In na hau kabu-kabu zuwa kasuwa, hawaye har haɓa. Na tafi kemis an ba ni wata 'yar kwalba, ina ɗigawa jan ya tafi. Yau wata huɗu ke nan ina sayen ta, in na bari kwana biyu abin ya dawo ya fi da. Ina kuma shan Piriton saboda mura. Wata maƙwabciyata mai aikin asibiti ta ce bushewar ido ce. Ni ko ban gane ba, idon da ke zubar da ruwa ta ƙaƙa za a ce ya bushe? Uwar mijina ta ce in ɗiga nonon mai shayarwa, in ƙara yawan kwalli. Mi ya kamata in yi? Da wanga ido nike ciyar da ɗiyana.

Wata 'yar'uwa daga Mabera

Amsa:

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Sannu da fama, Allah Ya sa kaffara ne.

Kafin mu zo kan bushewar ido, akwai abin da ya fi tsaya mini a rai a wasiƙarki, wato kwalbar nan da kika yi wata huɗu kina saye. Ba ki faɗi sunanta ba, amma maganin da ke kawar da jan ido nan take, in an bar shi kuma ciwon ya dawo da ƙarfi, galibi ɗayan biyu ne. Ɗauko kwalin ki duba ƙananan rubutun da ke jikinsa, ko ki ba ɗan makaranta ya karanta miki. In kin ga dexamethasone, betamethasone ko prednisolone, to sitiroyid ne, wato magani mai ƙarfi na kwantar da kumburi. Magani ne mai amfani a hannun likitan ido, na ɗan lokaci, ana yi ana auna ido. In kuwa aka yi watanni ana ɗiga shi ba mai dubawa, yana iya ɗaga matsin ruwan da ke cikin ƙwayar ido, abin da muke kira hawan jinin ido. Yana iya kawo yanar ido, yana kuma rage wa ido ƙarfin kare kansa daga ƙwayoyin cuta. Muguntar irin wannan hawan jinin ido ita ce ba ya ciwo. Daga gefe yake fara cin gani a hankali, abin da ya ci kuma ba ya dawowa. In naphazoline ko tetrahydrozoline kika gani, shi matse jijiyoyin farin ido kawai yake yi, ido ya yi fari tas na 'yan sa'o'i, da ya sake su sai su buɗe fiye da da. Bai warkar da komai ba.

Saboda haka kada ki sayi wata. Cikin makon nan, ba sai kin gama ɗinkin da ke hannunki ba, ki saka kwalbar da kwalinta a jaka ki tafi sashen ido na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ko duk asibitin da kika tabbata akwai likitan ido. Ki ce musu wata huɗu ke nan kina ɗiga wannan, kina so a auna miki matsin ido. Awon ba ya ciwo, ba ya cin lokaci. In sitiroyid ne, likita shi zai tsara miki yadda za ki rabu da shi, don wanda aka daɗe ana ɗigawa sau da yawa a hankali ake janye shi. Kada kunya ta sa ki rage yawan watannin in an tambaye ki.

Yanzu ga tambayarki. Bisa alamun da kika lissafa, maganar maƙwabciyarki tana kan hanya, ko da yake sai an duba za a tabbatar. Hawaye iri biyu ne a wajen aiki. Akwai wanda ba ki ganinsa, wani siririn lulluɓi ne da ke kan ƙwayar ido dare da rana, shi ke sa fatar ido ta zame sumul in kin ƙifta, shi ke sa gani ya fito tar. Akwai kuma na gaggawa, wanda ke ɓarkewa in kina yanka albasa ko hayaƙi ya shigar miki. Na farkon hawa uku ne: wani yauƙi can ƙasa mai manne shi da ido, ruwa a tsakiya, sai mai a sama. Man nan yana fitowa ne daga wasu ƙananan kafofi da ke jere a bakin fatar ido, bayan gashin ido kaɗan, wajen 30 a fatar sama, na ƙasa ba su kai haka ba. Duk ƙiftawar da kika yi tana matso ɗan mai ta shimfiɗa shi bisa ruwan, shi kuma ya hana iska shanye shi. In kafofin suka toshe, ko man ya yi kauri, sai ruwan ya ƙafe tun ba ki sake ƙiftawa ba. Ido ya ji raɗaɗi, jiki ya sako hawayen gaggawa don ya kai ɗauki. Shi kuwa wannan kusan ruwa ne zalla, ba ya zama, sai ya gangaro kumatu ya bar idon yadda ya same shi. Dalilin da ya sa kike tsiyayar hawaye a kan kabu-kabu ke nan alhali idon a bushe yake. Dushewar ganin da ke washewa in kin ƙifta ita ma daga nan take, lulluɓin ne ke tsinkewa, ƙiftawa ta sake shimfiɗa shi. Mafi yawan masu wannan lalura matsalarsu ta man ce, ba ta ƙarancin ruwa ba.

Abubuwa da yawa suka haɗu a kanki. Mata sun fi maza fama da ita, musamman in shekaru suka doshi lokacin ɗaukewar al'ada. Ga garin da muke ciki. Daga wajen Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu na kwaso ƙura daga Sahara, da yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, danshin iska ya faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100 da rana. Iskar da ke fasa leɓe ta tsaga dunduniya ba za ta ƙyale ido ba. Hunturu na wucewa bazara ta shigo da zafin da ke haura digiri 40, kowa ya kwana fanka na kaɗa masa fuska. Fiye da rabin shekara ke nan idon Basakkwace bai huta ba.

Sai sana'arki. Mutum in yana zaune yana hira yakan ƙifta ido sau 15 zuwa 20 a minti ɗaya. Da ya kafa ido kan allura, ko layin ɗinki, ko fuskar waya, ƙiftawar na iya raguwa da rabi ko fiye, wadda ake yi ɗin ma sau da yawa fatar sama ba ta sauka ta taɓa ta ƙasa. Ba zan ce ki bar ɗinki ba, na ji abin da kika ce game da 'ya'yanki. Abin da nake so shi ne duk bayan minti 20 ki ɗaga kai ki dubi wani abu mai nisa, bangon tsakar gida ko bishiyar ƙofar gida, na daƙiƙa 20, sa'an nan ki rufe ido ruf a hankali, ki ɗan matse, ki buɗe, kamar sau biyar. Ba sai kin duba agogo ba, ki ɗaura abin a kan aikin: duk sa'ad da za ki sake zare ko ki juya yadi, ki yi. Ɗinkin hular dare kuma ki samar masa haske isasshe, ki rage tsawonsa a watannin hunturu, don da dare idon ya riga ya gaji.

Abin da na fi so ki riƙe da hannu biyu shi ne gashi da ruwan ɗumi. Mutane na raina shi don ba a saye, alhali shi ne ke zuwa inda matsalar take. Kin san yadda man shanu ke daskarewa a kwalba da hunturu, sai an kai shi kusa da wuta ya saki. Haka man fatar ido yake. Ki ware ɗan tawul mai tsabta, naki ke kaɗai. Ki wanke hannu da sabulu, ki tsoma shi a ruwan ɗumi, ki matse, ki fara ɗora shi a cikin wuyan hannunki. In ya yi miki zafi a nan, ya yi wa ido yawa, fatar ido ba ta da kauri. Ki rufe ido ki ɗora na minti 5 zuwa 10. Inda ake kuskure shi ne tawul na hucewa cikin minti ɗaya ko biyu, musamman da sanyin asuba, mutum ya zauna da tsumma mai sanyi a fuska yana zaton gashi yake yi. Ki ajiye filas kusa da ke, kina ƙara ruwa a kwano kina sake tsomawa.

Kina cirewa, tun fatar na da ɗumi, ki sa ɗan yatsa ki shafo fatar sama daga gira zuwa gashin ido, ta ƙasa kuma ki shafo ta sama, a hankali, ba tare da danna ƙwayar ido ba. Daga nan ki jiƙa auduga ko gefen wani ƙyalle mai tsabta da ruwan da aka tafasa ya huce, ki goge gindin gashin ido, inda ƙura da kwantsa da ragowar kwalli ke taruwa. In gani ya ɗan yi hazo na 'yan mintuna bayan haka kada ki tsorata, man ne ya fito. Ki yi sau biyu a rana, bayan Asuba da bayan Isha'i, har wata ɗaya, daga nan ki koma sau ɗaya. Ina gaya miki tun yanzu, ba za ki ji bambanci a kwana uku ba. Sai an yi mako huɗu zuwa shida ake gane amfaninsa, in an daina kuma abin na dawowa. Ranar da ƙaiƙayi ya fi yawa, tawul mai sanyi ya fi kwantar da shi. Murza ido kuwa ki yi iya ƙoƙarinki ki bari, daɗinsa na ɗan lokaci ne, ƙarshensa ƙarin ja da kumburi.

Maganin ɗigawar da ya dace da ke shi ne wanda aka yi don ya maye gurbin hawaye, ba mai kashe ƙwayoyin cuta ba, ba mai sa ido ya yi fari ba. A jikin kwalinsa za ki ga hypromellose, ko carboxymethylcellulose, ko sodium hyaluronate. Ki saya a kantin magani mai rajista, ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Chloramphenicol da gentamicin da ake yawan miƙa wa duk wanda ya ce ido, na kashe ƙwayoyin cuta ne, ba abin da za su yi wa bushewa. Ki fara da sau uku ko huɗu a rana, kuma ki riƙa ɗigawa kafin ki hau keke ko ki fita, ba sai ido ya fara yaji ba. Yawancin kwalabe na ɗauke da sinadarin hana magani lalacewa, wanda aka fi sani shi ne benzalkonium chloride, shi kansa kuma yana ɓata wa ido rai in ya yi yawa. In kin ga kina buƙatar fiye da sau huɗu a rana, ki nemi wanda ba shi da wannan sinadari, yakan zo a 'yan ƙananan robobi da ake fasawa a yi amfani a yar. In da safe kike tashi ido a manne yana zafi, akwai mai kauri kamar man shafawa da ake sawa lokacin kwanciya, yana sa gani hazo, shi ya sa na dare ne.

Wajen ɗigawa, ki wanke hannu, ki ɗaga kai, ki ja fatar ƙasa ta yi ɗan aljihu, ki saki ɗigo ɗaya. Ɗaya ya isa, ido ba ya ma iya riƙe shi duka, na biyun asarar kuɗi ne. Kada bakin kwalbar ya taɓa ido ko gashin ido ko yatsa. Ki rufe ido a hankali na minti ɗaya ko biyu. In magani biyu aka ba ki, ki bar minti 5 tsakaninsu, mai kaurin ya zo ƙarshe. Ki rubuta ranar da kika buɗe kwalba a jikinta, bayan kwana 28 ki yar ko da saura, sai in takardarsa ta faɗi wani abu daban. Kada ki ara wa kowa, kada ki ari ta kowa. Ba wasa ba ne: a 2023 an sami wani maganin hawaye a Amurka da ƙwayar cuta ta gurɓata, wasu suka rasa gani, wasu ma suka rasa rai. Kuma da zafin garin nan kada ki bar kwalba a taga ko cikin akwatin keken ɗinki. Yawancinsu an rubuta a ajiye su ƙasa da digiri 25 ko 30, saboda haka ki nema mata wuri mai sanyi, gindin randa ko cikin firji in akwai wuta.

Sauran gyaran na cikin gida ne. Ki juya fanka ta daina bugun fuskarki kai tsaye, a shago da wajen kwana. Ki yayyafa ruwa kafin shara. Jiƙaƙƙen zane da aka shanya a ɗaki da dare yana ƙara wa iska ɗan danshi. Hayaƙin itace, maganin sauro na kunnawa, da turaren wuta duk suna ƙona idon da ya bushe. Ban ce ki bar turare ba, amma ki turara ɗaki ki fita, sai hayaƙin ya lafa ki dawo, kada ki sunkuya a kan kasko. In za ki hau kabu-kabu ki sa tabarau mai faɗi wanda ya rufe gefe, wannan kaɗai na iya rage miki hawayen hanya sosai. In kina sa takunkumi saboda ƙura, ki matse shi a karan hanci, don in ya saki numfashinki sama yake bi ya busa ido. Wajen alwala ki wanke fuska yadda aka saba, amma ba sai kin buɗe ido kin watsa ruwa ciki ba. Mutane da yawa na yin haka don su ji sanyi, ruwan kuwa wanke ɗan man da ya rage yake yi, na rijiya ko na 'yan garuwa kuma ba mai tabbacin tsabtarsa.

Maganar surukarki. Na tabbata ƙauna ce ta sa ta faɗa, abin da ta taso ta gani ke nan. Amma kada ki ɗiga nono. Yana da sukari, ƙwayoyin cuta na samun abinci a cikinsa, yana kuma iya ɗauko cuta daga jikin mai shi. Idon da ya bushe fuskarsa na da 'yan ƙananan ƙuje-ƙuje, idon da ya sha sitiroyid kuma garkuwarsa ta yi rauni, ke kuma wataƙila kin haɗa biyun. Ta irin wannan hanya gyambo ke kama baƙin ido, in ya warke ya bar hakiya. Haka ruwan sukari, ruwan albasa, lemun tsami, fitsari, da ruwan ganye, duk kada ki bari su kusanci idonki. Zuma abinci ce mai albarka, ki sha, amma wadda ake sayarwa a kasuwa ba a tace ta don ido ba. Ba sai kin yi musu da tsohuwa ba. Ki ce mata, Inna, likita ya ce kada in haɗa komai da maganinsa har in koma. In da hali mijinki ya faɗa mata da bakinsa, ta fi jin ta ɗanta.

Kwalli kuma na san matsayinsa a wurinmu, ado ne, da yawa kuma suna yin sa da niyyar sunna. Matsalar biyu ce. Inda muke zizara shi, wato cikin bakin fatar ido, nan ne daidai kafofin man suke, garinsa na toshe su yana kuma zuba cikin hawaye. Ta biyu, da yawa daga baƙin dutsen da ake sayarwa da sunan kwalli ko tozali dalma ce a cikinsa. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoto a 2012 kan wani jariri a birnin Boston da aka sami dalma a jininsa, aka bi sawu aka tarar daga kwallin da aka kai daga Najeriya ne, da aka auna shi fiye da kashi 80 cikin 100 dalma ce. Mu da ke maƙwabtaka da Zamfara mun san abin da gubar dalma ta yi wa yara a 2010. Shawarata ki ajiye tandun har ido ya lafa. In za ki koma, ki shafa a waje, bayan gashin ido, ki wanke kafin barci, kada ku yi tarayya a tsinke ɗaya, jarirai kuma a ƙyale musu ido.

Piriton ɗin da kike sha yana da hannu a ciki. Yadda yake busar da majina, haka yake rage hawaye da yawu. In kullum kike sha, ki gaya wa likita ya duba miki wata hanyar. Wasu magungunan hawan jini, musamman masu sa fitsari, da wasu na damuwa irin amitriptyline, su ma suna yin haka. Waɗannan ba a daina su da ka, sai dai a faɗa wa wanda ya rubuta. Ki tafi asibiti da duk abin da kike sha a leda ɗaya.

Wani lokaci bushewar ido saƙo ce daga wani wuri a jiki. A shekarunki ya kamata a auna miki sukari, don ciwon sukari na kawo ta. Ciwon maƙoƙo ma haka. In bakinki na bushewa har ba ki iya haɗiye abu busasshe sai da ruwa, ko gaɓoɓin yatsu na ƙagewa da safe, kada ki ce ba ruwan likitan ido da wannan, ki faɗa. Akwai cutar garkuwar jiki mai busar da ido da baki tare, wadda wani likitan ido ɗan ƙasar Suwidin mai suna Sjögren ya bayyana a 1933, mata ta fi kamawa nesa ba kusa ba. Yankinmu kuma ya daɗe yana fama da amosanin ido, wanda kan bar tabo a cikin fatar ido tun ƙuruciya, daga baya gashin ido ya lanƙwashe ciki yana gogar ƙwayar. Shi ma jinsa kamar yashi ne, maganinsa kuwa ƙaramin aiki ne, ba ɗigawa ba.

Abinci ba zan tsawaita ba. Ki sha ruwa isasshe, don da sanyi mutum ba ya jin ƙishirwa sai ya manta. Zogale, alayyahu, karas, man ja, hanta, ƙwai, mangwaro da gwanda suna ba da bitamin A, wanda rashinsa ke kawo dundumi da bushewar ido mai tsanani, musamman ga yara. Kifi ma ki ci in ya samu. Amma kada a tsorata ki ki zuba kuɗin ɗinkinki a ƙwayoyin man kifi masu tsada. Wani babban bincike da aka buga a Amurka a 2018, kan mutum 535 na tsawon shekara ɗaya, bai ga sun fi man zaitun da aka ba wasu daga cikinsu don kwatantawa amfani ba.

In azumi ya zo za ki yi tunanin ɗigawa da rana. Akwai 'yar kafa a lungun ido ta wajen hanci da ke kai hawaye hanci har maƙogwaro, shi ya sa wani lokaci ake jin ɗacin magani a baki. Malamai sun yi saɓani a kan hukuncin, a mazhabarmu ta Malikiyya kuma ana lura da abin da ya kai maƙogwaro, don haka ki tambayi malamin da kika amince da shi. Abin da zan ƙara ta fuskar lafiya shi ne in kin danne lungun nan da ɗan yatsa na minti biyu bayan ɗigawa, kin rage abin da ke gangarawa, maganin kuma ya fi daɗewa a ido. In aka same ki da hawan jinin ido aka ba ki maganinsa, wannan ba a tsallake shi, sai ku tsara lokutansa da likita.

A asibiti za a duba ki da na'ura mai haske, a ɗiga wani rini mai ruwan ɗorawa a ga daƙiƙa nawa lulluɓin hawayen ke yi kafin ya tsinke, ƙasa da 10 alama ce ta matsala. Ana iya maƙala 'yar takarda a fatar ƙasa na minti 5 a ga iya inda ta jiƙe. In abubuwan gida ba su isa ba, akwai sauran matakai a hannunsu: maganin ɗigawa mai kwantar da kumburi na dogon lokaci, ƙwayoyin sha masu gyara man fatar ido, har da ɗan marfi da ake toshe kafar hawaye da shi don ruwan ya daɗe. Ki roƙi a gwada miki tabarau na kusa ma. Bayan shekara 40 zura zare a allura na fara wuya ga kusan kowa, mai ɗinkin da ke ƙura ido don ta gani kuwa ƙiftawarta ƙara raguwa take yi.

Akwai alamun da ba a kwana da su. In gani ya ragu bai washe da ƙiftawa ba, ko ciwo mai tsanani ya kama ido ɗaya, ko kin kasa kallon haske, ko kin ga farin ɗigo a baƙin ido, ko kwantsa mai kama da mugunya na fita, ko kina ganin zobe kewaye da fitila tare da ciwon kai da amai, ki rufe shago ki tafi asibiti a ranar.

In kin je an auna, ki rubuto mini sunan da ke jikin kwalbar da abin da awon matsin ido ya nuna. Allah Ya ba ki lafiya, Ya sa albarka a sana'a.